Kunnen Sojan Sigina: Daga Kwarin Kaladan zuwa Layin Bauchi da Gombe, 1942 zuwa 1978

Wanda ake magana a kansa

An haife shi wajajen 1922 a wani ƙauye na ƙasar Darazo, cikin masarautar Bauchi. An sakaya sunansa da na ƙauyen. Abin da ke nan an tattaro shi ne daga littafin sallamarsa na soja, da takardun aikinsa na gidan waya, da kuma abin da 'ya'yansa suka riƙe daga bakinsa. Matsalar da za a bi diddiginta ita ce: kunnensa na hagu ya mutu a fagen yaƙi, ba a rubuta haka a ko wace takarda ba, sana'ar da soja suka koya masa kuwa da kunne ake cin abinci da ita.

Ya yi makarantar allo kamar kowane yaro a garinsu. Daga baya aka buƙaci dagaci ya kawo yara don elemantare, masu hali suka ɓoye nasu, shi da ubansa ba shi da wanda zai tsaya masa aka tafi da shi. Ya yi shekara 4. A wancan zamani da Hausa ake koyarwa a elemantare, Turanci sai wanda ya wuce zuwa makarantar Midil, shi kuwa bai wuce ba. Ya fito da karatu da rubutun boko, da lissafi gwargwado, ya zama yaron malamin dagaci, yana rubuta rasiɗin haraji da na jangali.

1942: diban gwamna ko kaki

A watan Fabrairu 1942 Japan ta ci Singafo, ƙasar Malaya ta fita daga hannun Ingila, da ita da kuzarta. Sai ido ya dawo kan kuzar Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin dole a ma'adinai, wanda talakawa suka sa wa suna diban gwamna, aka yi ta yinsa har 1944. Lardin Bauchi na cikin waɗanda aka fi matsa wa saboda kusanci. Ana raba wa hakimai adadi, hakimai su raba wa dagatai, dagatai su dubi gidan da ba shi da gata. Waɗanda suka dawo sun dawo da labarin sanyin tsaunuka, da ƙarancin abinci, da ciwon haƙarƙari da ya kashe mutane da dama.

Shi ne mai rubuta sunayen, don haka ya san ranar da layi zai iso kansa. A ƙarshen 1942, da masu ɗaukar soja suka zo Bauchi, ya kai kansa. A takarda an rubuta shi ɗan sa-kai, kuma gaskiya ne ba wanda ya ɗaure shi da igiya. Sai dai zaɓin da ke gabansa biyu ne kawai. Mahaifiyarsa ta ce ya gudu gara ya faɗa wa zago. Shi lissafinsa daban: soja na ba da sule guda a rana, da tufafi, da abinci, ana kuma iya ware wa iyaye wani abu daga albashi.

Zariya: yadda aka zaɓe shi

Bayan horon kurata a Zariya, aka tambayi waɗanda suka iya karatun boko su fito gaba. Ba su da yawa. Rundunar Najeriya ta wancan lokaci 'yan Arewa ne ƙashin bayanta wajen riƙe bindiga, kuma Hausa ce yaren da aka fi ji a bariki, amma ayyukan hannu irin su akawu, direba, malamin asibiti da sigina, mafi yawa 'yan Kudu ne masu ilimin mishan suka cike su. Ɗan Arewa mai elemantare abin nema ne, domin yana jin yaren sojojin da zai zauna cikinsu.

Aka koya masa sigina da tuta, da fitila, da tarhon daji, da shimfiɗa waya, sannan babban abu, haruffan Mos. Kowane harafi yana da nasa tsarin sauti, gajere ko dogo ko haɗin biyun a jere, ana kaɗa su da maɓalli, mai karɓa ya saurara ta abin sawa a kunne ya rubuta harafi bayan harafi. A nan rashin Turancinsa bai dame shi ba sosai. Saƙonni masu muhimmanci a ɓoye suke zuwa, rukuni-rukuni na haruffa ko lambobi marasa ma'ana ga kowa sai mai mabuɗinsu. Wanda ya iya Turanci yakan yi saurin cika kalma da zato, shi kuwa abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa. Yaron da ya saba da haddar allo bai sha wuyar haddace sautin haruffa 26 da lambobi 10 ba. Inda ya yi rauni shi ne magana da baki ta wayar iska, wato rediyon aika saƙo na soja, wadda ke buƙatar Turanci. Littafinsa ya nuna ya ci jarrabawar sigina, aka ƙara masa kuɗin sana'a a kan albashin farabiti, aka tura shi bataliya ta 4 ta Rundunar Najeriya.

Yuli 1943 zuwa Fabrairu 1944: aikin da ya tarar

Bataliyar na cikin birged ta 6, tare da bataliyar Gambiya da ta Saliyo, ƙarƙashin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943 da Manjo Janar Woolner a kanta. Suka tashi daga Legas ta ruwa, suka zagaya ta Afirka ta Kudu, suka sauka Bombai. Daga nan jirgin ƙasa ya ratsa da su Indiya, har suka kai Ciringa a kudancin Citagong a ƙarshen shekarar. Aikinsu shi ne su shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan na ƙasar Boma, wadda yau ake kira Miyanma, su tsare gefen hagun dakarun da ke yaƙi a bakin teku.

Babu hanya. Su suka sare ta da hannu, sama da mil 70 cikin duwatsu da kurmin gora. Da suka nutsa ciki, ba abin da ke iso musu ta ƙasa: shinkafa, harsashi, magani, batir, duk jiragen Dakota ne ke jefo su da laima. Ita ce babbar runduna ta farko a wannan fage da ta dogara kacokan ga abin da aka jefo daga sama. Wannan ya ɗora wa 'yan sigina nauyin da ba a saba gani ba. In saƙo bai fita ba, jirgi bai san inda zai zuba kaya ba. In an yi kuskuren lamba guda a wurin da aka ambata, abincin bataliya ya sauka a hannun Japanawa ko cikin kogi.

Kayan aikin ba su dace da ƙasar ba. Ƙaramar wayar iska mai lamba 18, wadda ake goyawa a baya, nauyinta kusan kilo 15, a fili tana kai 'yan mil, amma a kurmi da kwazazzabai wani lokaci ko mil guda ba ta kaiwa. Babbar, mai lamba 22, da manyan batura take aiki, su kuma sai an yi musu caji da ƙaramin inji mai shan fetur, kuma duk wannan a ka ake ɗaukarsa. Akwai dubban sojojin dako da ba su riƙe bindiga, su ne motocin rundunar. Da dare iska kan cika da ƙara da tashoshin nesa, murya ba ta ratsawa, sai Mos. Don haka mai sigina yakan kwana da abin ji a kunne, ya murɗe ƙara har ƙarshe, yana tsamo siririn sauti daga cikin hayaniya. Wannan kaɗai ya isa ya gajiyar da lafiyayyen kunne.

Maris 1944: farkon matsalar

A ƙarshen Fabrairu rundunar ta kai Kyauktaw. A farkon Maris Japanawa suka juyo da ƙarfi, suka karɓe tudun da ake kira Pagoda, wanda ke kallon garin da kogin, aka fara ja da baya. A cikin waɗannan kwanaki ne harsashin ƙaramar igwa ya fashe kusa da ramin da yake zaune da na'ura. Ƙarfe bai taɓa shi ba. Ƙarar ce ta jefar da shi, ya tashi jini na fita ta kunnen hagu, kansa na juyawa, duniya ta yi masa shiru ta gefe guda.

Malamin asibitin bataliya ya share jinin ya toshe da auduga. A ranar akwai waɗanda hanjinsu ke waje, akwai masu jiran ƙaramin jirgin da ke kwashe raunanan, ba wanda zai tsaya buɗe takarda don mutumin da ke tafiya da ƙafarsa. Bayan kwana biyu ya koma kan na'ura, ya karkata abin jin zuwa kunnen dama. Daga abin da likita ya gani shekaru bayan haka, fatar dodon kunnen ce ta fashe. Irin wannan rauni sau da yawa yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni, muddin kunnen ya zauna a bushe kuma ƙwayar cuta ba ta shiga ba. Shi kuwa a makonnin da suka biyo baya yana ƙetare rafuka, ruwa har wuya.

Daminar 1944: ɓoyewa

Ruwan da ke sauka a gaɓar Arakan a shekara ya ninka na Bauchi sau huɗu ko biyar. Da damina ta kankama aka janye mafi yawan rundunar zuwa baya don hutu. Kunnen ya fara zubar da ruwa mai wari. Yana da damar zuwa wurin likita a wannan lokacin, bai je ba, kuma dalilinsa ba na wauta ba ne. Duk mai sigina da aka samu ba ya ji za a cire shi daga sana'ar, kuɗin sana'a ya tafi, a mayar da shi ɗan bindiga ko ɗan dako. Ga kuma martaba: shi ne ke zama kusa da hafsoshi, shi ke rubuta wa 'yan uwansa wasiƙun gida, shi ke karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo in ta iso.

Abin da ya gwada shi ne dabarun bariki. Ya riƙa toshe kunnen da auduga, wadda ke riƙe danshi. Wani ya ba shi shawarar ɗiga man bindiga. Wani ya ce ya niƙa ƙwayar mefakirin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake tilasta musu sha kullum, ya zuba garin a ciki. Ya yi duka. Ruwan kan tsaya kwana kaɗan ya dawo.

Oktoba 1944 zuwa Janairu 1945: an ɗauke shi daga na'ura

Rundunar ta sake shiga Kaladan bayan damina, yanzu ƙarƙashin Manjo Janar Loftus-Tottenham. A nan asirinsa ya tonu. Mai kunne biyu yana iya ware sauti guda daga cikin hayaniya, mai kunne ɗaya abin yana cakuɗe masa, musamman in igwa na tashi ko injin caji na ruri a kusa. Ya fara neman a maimaita masa rukunin haruffa fiye da kima. Maimaitawa na cin batir, tana riƙe layin da wasu ke jira, tana kuma ba abokan gaba lokacin sauraro. Sajen sigina, wani Bature, ya lura. Ya tsaya ta hagunsa ya yi masa magana a hankali, bai juyo ba.

Ya roƙi sajen kada ya kai shi wurin likita. Sajen, wanda shi ma ba shi da isassun mutane, ya yarda, amma ya cire shi daga na'ura ya sa shi cikin masu jan waya. Albashinsa bai taɓu ba. A wurinsa dai wannan faɗuwa ce, kuma har ya tsufa yana faɗin haka.

Aikin jan waya shi ne haɗa hedikwatar bataliya da kamfanoni da tarho duk inda aka yada zango, a naɗe wayar in za a tashi. Waya kan tsinke: alfadari ya taka, harsashi ya yanke, ko Japanawa su datse ta da gangan su kwanta suna jiran wanda zai zo gyara. A wata huɗun nan ya koyi abin da ba a zurfafa masa a Zariya ba. Ya koyi neman inda layi ya mutu ba tare da bin sa taku-taku ba: ka je tsakiya, ka maƙala tarhon hannu, ka kira gaba ka kira baya, ɓangaren da bai amsa ba ka sake raba shi biyu. Ya koyi ɗaurin da ba ya zamewa in an ja, da naɗe shi yadda ruwa ba zai shiga ba. Ya koyi cewa layi mai waya guda ta cikin ƙasa wutarsa ke komawa, don haka in ƙasar da aka kafa turken ƙarfe ta bushe, magana sai ta dushe ko da wayar lafiya lau take. Kuma duk wannan da kunne guda ake yinsa, domin tarho a kunne ɗaya ake kara shi.

Ranar 25 ga Janairu 1945 dakarun runduna ta 81 da ta 82, wadda ita ma ta Afirka ta Yamma ce, suka shiga Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan. Sunan yana nan a kan wani barikin soja a Legas, kamar yadda sunan Dalet, wani wuri a Boma, yake a kan wani bariki a Kaduna. Daga nan aka mayar da rundunarsu Indiya, ana shirin kai su Malaya, sai Japan ta miƙa wuya a watan Agusta.

1946: sallama

Sun jira jirgi wata da watanni. Kafin sallama ana duba lafiyar kowa, ana tambaya ko yana da wani ciwo da ya samu a bakin aiki. Maganar da ke yawo a layi ita ce duk wanda ya ce yana da ciwo za a tsare shi a asibiti, 'yan uwansa su tafi gida su bar shi. Mutumin da ya shekara uku bai ga uwarsa ba, ya ce lafiyarsa ƙalau. Aka rubuta haka, ya sa hannu da kyakkyawan rubutunsa.

Ya dawo da lambar Tauraron Boma, da kuɗin sallama, da ajiyar albashi, da littafin sallama. A shafin sana'a an rubuta abu biyu: mai aiki da wayar iska, da mai shimfiɗa waya da gyaranta. Na biyun sajen ne ya sa aka ƙara. Shi ko kallonsa bai yi ba.

1946 zuwa 1950: abin da aka gwada bai yi ba

Kuɗin sun tafi inda na yawancin 'yan Boma suka tafi: aure, keke, gyaran ɗakin mahaifiya, biyan harajin dangi. Kafin shekara ta zagayo babu saura.

Ta fannin magani, gida ya karɓi aikin daga inda bariki ya tsaya. An ɗiga masa man shanu mai ɗumi, an ɗiga ruwan ganye iri-iri, wanzami ya yi masa ƙaho a bayan kunne. An yi rubutu ya sha, wannan bai cuce shi da komai ba. Ɗige-ɗigen ne matsala, domin duk abin da aka zuba yana wucewa ta hujin ya shiga can ciki. Ruwan kunnen ya ci gaba, da ciwon kai lokacin hunturu, ga warin da ya sa ya daina zama a tsakiyar majalisa.

A 1947 ya nemi fanshon naƙasa. Wani tsohon kofur ne ya rubuta masa takardar da Turanci, ta bi ta ofishin lardi. Amsar ta ɗauki watanni, kuma gajeriya ce: babu shaidar rauni a takardunsa na soja, shi da kansa ya sa hannu cewa lafiya ya fita. Aka ce ya kawo shaidar likitan bataliya ko ta hafsansa. Waɗannan sun koma Ingila, bai ma san garuruwansu ba. Ya sake rubutawa ta hannun ƙungiyar jin daɗin tsofaffin sojoji, amsar ba ta canza ba.

Sai neman aiki. Tun 1945 akwai dokar da ta wajabta wa ma'aikatu su ɗauki wani kaso na tsofaffin sojoji, kuma ya yi rajista. Amma dokar ba ta ce a ba mutum aikin da ya dace da abin da ya iya ba, kuma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Guraben da ke zuwa na masinja ne, da gadi, da ɗan doka. Shi burinsa aikin tangarahu, wato aika saƙo da Mos ta waya. A 1948 ya samu aka gwada shi a wani gidan waya, ya faɗi, saboda dalilai uku da suka haɗu. Na farko, Mos ɗin soja sauti ne mai tsawo da gajarta a cikin kunne, na gidan waya kuwa wani ɗan ƙarfe ne ke ƙwanƙwasawa a kan tebur, ana karanta tazarar da ke tsakanin ƙwas da ƙwas. Haruffan ɗaya ne, jin ya bambanta, sai an sake sabo. Na biyu, a buɗaɗɗen ofis ake yi, mutane na magana a kanta, ana buga hatimi, shi kuwa kunne guda. Na uku, talgiram ɗin 'yan kasuwa da na gwamnati da Turanci suke zuwa a fili, ana kuma son mai takardar Midil. Ko da ya ci biyun farko, na ukun zai tare shi.

Ya koma gona. Da rani ya yi gadin wani kanti a Bauchi, aka sallame shi bayan an yi sata ta gefen da ba ya ji. Ya gwada awon gyaɗa a ƙarƙashin wani dillali, jari ya gagara. A waɗannan shekaru mutanen gari suka fara cewa yaƙi ya taɓa masa kai, saboda ana yi masa sallama ba ya amsawa, in ya yi magana kuma da ƙarfi yake yi. Wannan zargi ya bi 'yan Boma da yawa, wasu da dalili, wasu irinsa babu.

1951 zuwa 1953: abin da ya yi aiki

A farkon daminar 1951 guguwa ta kayar da falwayoyi a layin da ke bin hanyar Bauchi zuwa Gombe, aka nemi leburorin wucin gadi. Ya shiga don kuɗin yini, aikinsa haƙa rami da ɗaukar ƙarfe. Bayan an tayar da falwayoyin an ɗaure waya, layin ya ƙi magana. Helman ya ce a bi shi daga Dindima, inda hanya ke ƙetare kogin Gongola, har Alkaleri, falwaya bayan falwaya. Sai ya matsa kusa ya ce: "Maigida, in ka ba ni tarhon nan na hau ta tsakiya, kafin azahar za mu san ɓangaren da ya mutu." Helman ya tambaye shi inda ya san wannan, ya ce a Boma. Aka ba shi. Hawa kaɗan ya ware wurin: wani tsohon ɗauri ne da ya yi tsatsa, ido ba ya ganinsa daga ƙasa.

Wannan bai ba shi aiki nan take ba. Abin da ya yi shi ne ya sa helman ya riƙa nemansa duk lokacin da aka samu matsala. Da rani ya zo, wani ƙaramin ofis ya yi ta kukan layinsa na dushewa, an canza batir ba a dace ba. Ya ce a tona inda aka binne turken ƙasa, a zuba gawayi da gishiri, a riƙa ba shi ruwa. Layin ya dawo. Helman ya kai maganarsa gaban sufeton layi, sufeton ya ce ba a ɗaukar ma'aikacin dindindin sai da shaidar sana'a. A nan ne aka buɗe littafin sallama aka ga abu na biyun nan da aka rubuta a shafin sana'a. Da shi, da kuma dokar tsofaffin sojoji wadda a wannan karon ta yi amfani domin akwai gurbi kuma akwai mai tsaya masa, aka ɗauke shi mai gyaran layi a 1953.

Kafin a tabbatar da shi sai da aka tura shi gwajin lafiya, kuma wannan ne karon farko da likita ya leƙa kunnen da fitila tun 1944. Maganin bai da wani tsada. Aka riƙa share kunnen a bushe a asibiti, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda zuwa lokacin ya fara samuwa a asibitocin lardi, aka kafa masa doka: kada a sake ɗiga komai, kada ruwa ya shiga, in zai yi wanka ya toshe da auduga mai man shafawa ya cire da ya gama, wajen alwala ya shafi bayan kunne da gefensa kawai. Cikin 'yan watanni ruwan ya tsaya. Ji dai bai dawo ba, likitan ya ce shekarun ruɓa sun riga sun cinye abin da ke ciki. An rubuta cewa kunnen dama ya isa aikin layi.

Yadda ta ƙare, da abin da za a iya cewa

Ya yi shekara 25 a kan layukan Bauchi, Gombe da Darazo, ya kai matsayin helma, ya yi ritaya a 1978, shekara biyu bayan an ƙirƙiro jihar Bauchi. Ya ci fanshon gidan waya har rasuwarsa. Ya yi rajista da ƙungiyar 'yan mazan jiya, yana fita fareti ranar tunawa da su. Fanshon rauni na soja bai taɓa samu ba. Kunnen dama ya fara rauni bayan ya haura sittin, wanda ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi dare da rana da ƙara a cikinsa yana saurayi.

In aka duba abin da ya faɗi, kusan duk a wuri guda ya faɗi. Neman fansho ya mutu tun ranar da malamin asibiti ya share jini bai rubuta ba, aka binne shi ranar da ya sa hannu a 1946. Da wuya a ɗora masa laifin wannan. Tsarin da zai rage wa mutum albashi in ya ce ba shi da lafiya, ya kuma sa ya ji tsoron za a hana shi tafiya gida, shi ya koya masa yin shiru, sannan ya dawo ya kafa hujja da shirun. Magungunan bariki da na gida sun faɗi don dalili ɗaya, duk zubawa suke yi a kunnen da bushewa yake buƙata, kuma su suka mayar da raunin makonni ya zama na shekara tara. Gwajin tangarahu kuwa kuskuren zaɓi ne: ya nace wa ɓangaren sana'arsa da ya fi martaba, alhali shi ne ɓangaren da ya fi dogara da abin da ya rasa, ya yi shekara biyar bai waiwayi ɗayan ba.

Sajen nan ya yi masa alheri da cuta a mataki guda. Da ya kai shi wurin likita a Oktoba 1944, da an samu takardar da za ta ba shi fansho, wataƙila kuma da an ceci wani abu na jinsa. Da bai mayar da shi jan waya ba, bai kuma sa an rubuta ta a littafinsa ba, da babu abin da sufeto zai gani a 1953. A ganina ɓangaren cutar ya fi nauyi, domin ba abin da ya hana a yi duka biyun: a rubuta raunin, a kuma bar shi cikin masu jan waya. Ƙarancin mutane a bataliya ne ya sa aka zaɓi hanya mai sauƙi, shi kuma ya biya kuɗinta da shekara bakwai na gadi da haƙa rami kafin ya samu aikin da ya riga ya iya tun 1945.